Wasalin da Mai Ya Cinye

Da sunan Allah nake farawa, Mai ɗari da zafi, Mai itace da wuta, wanda Ya dasa hanci a tsakiyar fuska don ya riga ido jin labari. Ku matso ku zauna, masu nisa su karkato kunne. Ni ce Yalwa ta Garun Maje, birni mai ƙofa tara, matar mai turare, wadda duk kasuwa ta sani. Na tafi inda ƙafar mace ba ta taɓa zuwa ba, na dawo da abin da ban tafi nema ba, ga kuma yadda aka yi.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, sunansa Jatau. Sau ɗaya na faɗa, don yana raye bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Shi ke haɗa turare, ni ke sayarwa. Da shi aka bar wa bakin kaya, da tuni ya rabar da gidan, don mutum ne da in ka yaba turarensa sai ya ƙara maka awo. Ni kuwa ko wa ya taya, abin da zai fara ji daga bakina shi ne, “Albarka.” Har maigida ya mai da shi sunana. “Albarka, kawo kasko.” “Albarka, ina ruwan alwala?”

Turarensa iri-iri ne, amma wanda ya fitar da sunansa shi ne Bayan Magariba. Turaren wuta ne na maza, ba kuma na lokacin zafi ba. Sai ɗari ya sauka, ruwan randa ya fara cizon haƙori, sannan ake taɓa shi. A zuba a garwashi, a kifa kwando a kai, a yafa babbar riga a bisa kwandon, hayaƙi ya bi ta zare-zare. Ba shi da zaƙi irin namu na mata. Da fari ka ji itace, busasshe mai nauyi, can ƙasa kuma wani ɗaci-ɗaci na hayaƙi, kamar wurin da aka kashe wuta a daji aka tashi. Namiji in ya sa rigar ya fito zaure da yamma, ko bai ce uffan ba an san babba ya zauna. In masu saye suka tambayi sirrinsa, sai maigida ya gyara zama ya ce itacen daga Tsibirin Hayaƙi ya ɗebo shi yana saurayi, bayan ruwa uku, buhu guda, har yau bai ƙare ba.

Shekara ashirin da shida muna tare, Allah bai ba mu haihuwa ba, faɗanmu kuma ɗaya ne tak, a kan katangar bayan gida. Bayanta maƙerar Cindo take, kullum guduma, kullum hayaƙi. Shi kuma maigida ba inda yake shanya itacensa sai kan katangar nan. In ce, “Ga tsakar gida fal rana, sai ka kai kayanka bakin wancan ƙazamin?” Sai ya ce, “Bar shi dai, Albarka.”

Da ya rasu, ina cikin takaba, ƙarar gudumar nan ta ishe ni. Na yi ta aike wurin mai unguwa, na matsa, na matsa, har aka ba Cindo fili can bayan ganuwa. Ranar da zai tashi ya tsaya a bayan ƙyaurena ya ce, “Matar Jatau, ko da gefe guda ne ki bar mini. Shekara ashirin da shida fa.”

Na ce, “Albarka.”

Ya kwashi zugazuginsa ya tafi. Gida ya yi tsit. Ban san shiru yana da nauyi ba sai a lokacin.

Da na fita takaba na buɗe gafakarsa na sami takardar haɗin. Ni allo kaɗan na yi ina yarinya, na san baƙaƙe, wasali kuwa sai da lalube. Na bi ta da yatsa kwana biyu: sandal, jawul, farce, kajiji, itacen al’ud. Na auna kamar yadda na saba ganin yana yi, na haɗa, na kunna. Ƙamshi ya tashi, mai daɗi kuwa, amma fanko. Ɗacin nan na ƙasa babu shi. Na sake, na sake, har sau bakwai. Sai na koma kan layin ƙarshe, inda ɗigon mai ya faɗa ya yi tabo. Kalma biyu ce. Ta farko na karanta ta ba wuya: tushensa. Ta biyu na haɗa baƙaƙenta ɗaya bayan ɗaya, sai ga abin da ya fito: ƙarya.

Tushensa ƙarya.

Na zauna daɓas a ƙasa. Da wata ce, da ta kai wa malamin unguwa ya duba mata. Ni? In miƙa takardar da maigida ya rubuta da hannunsa cewa turarensa ƙarya ne, kafin la’asar kasuwa ta ɗauka? Na naɗe ta na soke a ƙugu.

Abu ɗaya ya rage mini a duniya mai ɗauke da ƙamshin gaskiya: rigarsa ta saƙi, wadda ya turara ana gobe zai kwanta ciwo. Na sa ta a jakar fata na ɗaure bakin tamau, don na lura duk buɗewar da na yi sai ƙamshin ya ragu. Ita ce ma’aunina. Ranar da ta huce, ko an kawo mini itacen gaskiya ba ni da abin gwada shi, shi ke nan kuma maigida ya mutu karo na biyu. Na ce sai na je tsibirin nan da ƙafata, in ɗebo itacen, in gwada da rigar tun tana da rai. Na kulle gida, ban yi sallama da kowa ba. Wa zan yi wa?

Na bi ayarin fatake kwana arba’in, har muka isa Birnin Shaƙa. Ƙasa ce da Allah Ya hana wa wari da ƙamshi. Furensu ba ya ƙamshi, miyarsu ba ta tashi, ko ruwan farko ya sauka ƙasa ba ta cewa komai. Saboda haka mutanenta mayunwatan ƙamshi ne, kuma duk abin da suka shaƙa, ƙamshinsa ya bar shi har abada. Harajin ƙofarsu ke nan. Fatake sun san hanya, kowa ya zo da daddawa ko albasa, a shaƙe a miƙo masa abinsa kamar dutse.

Sarkin Ƙofa wani ƙato ne mai hanci kamu biyu, har sai da aka kafa masa gwafa yana ɗora shi. Na miƙa masa ƙullin kanumfari. Bai ko duba ba. Hancin ya sauka daga gwafa, ya juyo, ya tsaya daidai kan jakata.

“Baiwar Allah, me ke cikin nan?”

“Tsumma.”

“Tsumman nan nake so. Shaƙa uku, ki wuce.”

“Albarka.”

“Biyu.”

“Ranka ya daɗe, da wannan rumbun da ke fuskarka? Shaƙa ɗaya ma sai ka haɗa da zanen jikina. Albarka.”

Dogarai suka ƙyalƙyale, ya harare su. Muka yi ta ja tun hantsi har inuwa ta juya. Fatake suka gaji suka wuce suka bar ni. A ƙarshe muka tsaya a kan hannun riga ɗaya, da ƙofar hanci ɗaya, ɗayar kuma ni zan toshe ta da gammona. Amma na ga idonsa, na san irin mai sayen da ba ya tsayawa inda aka yi ciniki. Da na juya baya zan zaro hannun rigar, sai na barbaɗa garin masoro a ninkin kafaɗa.

Ya ja. Ina ji ina gani hannun rigar nan ya mutu, tun daga baki har gwiwa, ya koma zare kawai. Hannun da maigida yake ɗora mini a kafaɗa. Bai tsaya ba kuwa, ya zarce sama, sai ya ci karo da masoro. Hancin ya kumbura, ya yi ja, ya yi rawa. Atishawar da ya yi ta ɓalle ƙyauren ƙofar gabas, ta kwashe ni da jakata ta wurga bayan gari, na faɗo a kan yashi a bakin ruwa. Na tashi na kakkaɓe zane, na ɗaure jaka. Ba wanda zan ba labari mu yi dariya.

A bakin ruwan na tarar da kwale-kwale ba mai tuƙi, ba abin tuƙi, sai kasko a kafe a goshinsa. Na gane nufin. Na ɗebo haɗin nan nawa da bai yi ba, na kunna a kaskon. Hayaƙi ya miƙe gaba kamar igiya, jirgi ya bi shi. Ruwan farko baƙi ne kamar na marina. Na biyu ɗumi gare shi kamar na wankan jego. Na uku ba ya motsi, ba ya ƙara, ko na yi tari ba na jin kaina. A nan na riƙa yin magana da ƙarfi, ina ba maigida labarin Sarkin Ƙofa, bakina na motsi ba sauti. Haɗina na ƙarshe yana cinyewa, jirgi yana taɓa tudu.

Tsibirin Hayaƙi gaskiya ne, akwai shi. Itatuwansa dogaye ne, ba ganye, hayaƙi ke fita daga ɓawonsu ba tare da wuta ba. A gindin kowace bishiya akwai mutum zaune, wasu gashinsu ya kai ƙasa, kowa yana hira da wani abu a cikin hayaƙi yana murmushi. Wata doguwar mace ta taro ni, gashin kanta hayaƙi, mayafinta hayaƙi. Ita ce Uwar Tsibiri.

“Maraba da baƙuwa. Itace kike so? Ɗebi iya ƙarfinki. Sai dai ki zauna ki ɗanɗana tukuna, kada ki sayi abin da ba ki gwada ba.”

Maganar ’yan kasuwa ce, ta shige ni. Na zauna a gindin wata bishiya. Hayaƙi ya sauko, ya taru, ya yi kafaɗa, ya yi gemu, ya yi ɗan karkacen hular nan. Ga maigida zaune a gabana, ya tanƙwashe ƙafa.

Kada ku tambaye ni kwana nawa na yi. Na dai san da na zauna farcena a yanke yake, da na farga ya yi tsawon gaɓa. Na ba shi labarin takaba, da shirun gida, da yadda nake dafa tuwo in raba kwano biyu in tuna. Yana ta gyaɗa kai. Na ce masa na kori Cindo. Ya ce, “Kin yi daidai, Yalwa.” Na ce na bar gida a kulle. Ya ce, “Kin yi daidai, Yalwa.”

Sai na dube shi da kyau. Mutumin da bai taɓa cewa na yi daidai ba sai ya fara cewa “bar shi dai.” Mutumin da rabon da ya kira ni Yalwa tun ina amarya. Na jawo jaka, na sassauta bakinta kaɗan na sa hanci. Itace, nauyi, ɗaci. Na ɗago na shaƙi na tsibiri: zaƙi zalla, kamar zuma a ruwan ɗumi. Ɗan abin da ya fita daga jakar ya taɓa fuskar da ke gabana, ta wargaje. Na miƙa hannu ban kama komai ba.

Uwar Tsibiri ta bayyana a kaina, hancinta na buɗewa. Na ce mata, “Wani mai turare daga Garun Maje ya taɓa zuwa nan ya ɗebi buhu guda?”

Ta ce, “Tun da aka kafa tsibirin nan ba wanda ya zo ya koma. Me ke cikin jakarki? Ban taɓa jin irinsa ba. Sayar mini.”

Maganarta ta farko ta soke ni, don ta yi daidai da takarda. Amma ta biyu ta ba ni ƙafa, don duk wanda ya ce “sayar mini” ya shigo rumfata. Na karyi reshe guda na soke a ƙugu, na rungumi jaka na ce, “Taya.”

Ta yagi gefen mayafinta ta hura, sai ga gida na hayaƙi mai soro goma. Na ce, “Albarka,” na ja da baya taki uku. Gidan ya watse. Ta yagi wani ta hura, sai ga ni ina budurwa, da wuya kamar na barewa. Na ce, “Na riga na yi wannan, ba riba. Albarka.” Na ƙara ja da baya. Ta tsinko gashinta ta hura, sai ga yara uku suna rarrafe suna miƙo mini hannu. Nan ƙafata ta yi nauyi. Na rufe ido na ce, “Albarka,” muryata kamar ba tawa ba. Kowane tayi daga jikinta take yankarsa, kowace albarka kuma iska ke kwashe shi. Tana bi na tana ƙari, tana sirancewa, ni kuma ina ja da baya kamar mai jan akuya da dusa. Da dugadugina suka taɓa jirgi, ba abin da ya rage nata sai murya da idanu biyu.

“Tsibirin duka,” in ji muryar.

Na tura jirgi da ƙafa na ce, “Allah Ya kawo kasuwa.”

Ba ni da sauran abin kunnawa, sai ruwa ya yi yadda ya so da ni. Ya kai ni arewa, ya yar a gindin Dutsen Ɗari, inda ruwan sama ke saukowa fari kamar auduga ya kwanta ba ya tafiya. Ba gari, ba hanya, ba ko tsuntsu. Na yi ta hawa ina neman mutum. Da yamma ta yi yatsuna suka daina jin junansu. Na raɓe a wani kogo na ƙyasta wuta na kunna reshen tsibiri. Ya yi hayaƙi mai zaƙi, ba zafi ko kaɗan. Na tabbata ba shi ne itacen ba, ba a taɓa sa shi a Bayan Magariba ba. Duk tafiyar nan, takarda ta fi ni gaskiya.

Haƙorana suna kaɗawa, na dubi jaka. In na sa rigar, iskar dutsen nan za ta kwashe abin da ya rage. In ban sa ba, gobe a tarar da ni a sandare ina rungume da jaka, in ma akwai mai tararwa. Na daɗe ina ciniki da kaina, ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin wannan ba. Daga baya na kwance bakin jakar gaba ɗaya, na zura rigar.

Ta rufe ni har ƙasa. Ƙamshin ya taso ta wuya ya lulluɓe ni, kamar ya shigo daga masallaci ya tsaya a bayana. Na ce, “Ko ƙarya ce, malam, ka iya ta.” Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, don ranar akwai mutane.

Ina cikin haka sai na ji tam, tam, tam. Guduma. Ƙarar da na tsana shekara ashirin da shida. Na tashi na bi ta da gudu ina tuntuɓe da bakin riga, har na ga wuta a wata bukkar dutse.

Wani tsoho ne a ciki, maƙeri, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. Da na yi sallama ya saki guduma, don rabonsa da jin sallamar ƙasarmu shekara talatin. Baba Shekarau sunansa, fatauci ya kawo shi, ciwo ya tsare shi, ayari ya tafi ya bar shi. Ya jawo ni bakin wuta. Zafi na taɓa rigar, sauran ƙamshin ya tashi gaba ɗaya. Tsoho ya tsaya cak. Ya kamo bakin rigar ya kai hanci, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wata kalma da dasashinsa.

Abin da kunnena ya ji shi ne, “Ƙarya!”

Na fizge rigata. “Kai ma? Baba, ban haye ruwa uku don tsoho mara haƙori ya zagi mijina ba! Wa ya yi maka ƙarya?”

“Wa ya zagi mijinki, ’yar nan? Na ce ƙarya!”

“Ka sake faɗa!”

Ya dafe kai. Ya ɗauko gawayi daga murhu ya nuna mini, ya ja leɓensa gefe da yatsu biyu, ya fitar da ita da ƙyar: “Ƙiiir-ya. Ƙirya! Itacen ƙirya, na gawayin maƙera! Nan ba ta fitowa, da wannan ruɓaɓɓen itacen nake fama, ƙarfe ko ja ba ya yi sosai. Shekara talatin ban ji hayaƙinta ba sai a rigar nan. Mijinki maƙeri ne?”

Na zaro takarda daga ƙugu na kai ta gaban wuta. Baƙaƙen suna nan yadda na karanta su. Amma a ƙarƙashin na farko, cikin tabon man, da haske ya ratsa takardar, sai ga ɗan wasali a kwance, siriri kamar ƙafar sauro. Wasalin ƙasa. Mai ya cinye shi, ni kuma na ɗora masa na bisa da kaina.

Tushensa ƙirya.

Katanga ta faɗo mini a rai. Itacen maigida a shanye a kanta, hayaƙin Cindo yana bi ta kansa safe da yamma. Bar shi dai, Albarka.

Baba Shekarau ya ce, “Lafiya, ’yar nan?”

Na ce, “Baba, da hannuna na kore shi.”

Ya nuna mini hanyar masu gishiri ta bayan dutse. Na ce ya zo mu tafi, ya ce ƙafarsa ba za ta kai ba. Na yanke hannun rigar na hagu, mai sauran rai, na bar masa. Bai taya ba, ban kuma nemi komai ba. Da na waiwaya daga gangare, yana tsaye a ƙofa ya rufe fuska da shi.

Wata biyar na yi a hanya. Na shiga Garun Maje ɗari yana fara sauka. Rigar kuwa ta huce sarai, ba abin da take yi sai warin hanya da na jikina. Ban ko buɗe gida ba, na zarce bayan ganuwa. Na sami Cindo a wata ’yar rumfa, iska na kashe masa wuta, ya rame.

Ya ɗago ya ce, “A’a. Matar Jatau. An ce kin mutu.”

“An yi ƙarya. Da wane gawayi kake aiki?”

“Da wane kuwa? Ƙirya mana. Maƙerin kirki yana taɓa wani?”

“Ina so ka koma bayan katanga.”

Ya ajiye guduma a hankali, ya goge hannu, ya dube ni sama da ƙasa. Sai ya ce, “Albarka.”

Na haɗiye. Na ce zan gyara masa rumfa. Albarka. Na ce zan ƙara masa fili har gindin rijiya. Albarka. Yana faɗa yana lumshe ido kamar mai shan romo. Na ce, “To, faɗi naka.”

Ya ce, “Kullum in an fito magariba, Jatau yakan leƙo ta katanga ya ce mini sannu da aiki. Shekara ashirin da shida bai fasa ba. Tun da na dawo nan ba wanda ya ce mini. Shi nake so, kullum, daga bakinki.”

Bakina ya buɗe da kansa, tsohuwar kalmar ta hau harshe. Na danne ta. Na ce, “Na sallama.”

Har na juya na dawo. “Cindo, tsakaninka da Allah, ya taɓa zuwa Tsibirin Hayaƙi?”

Ya yi dariya har da tari. “Jatau? Mutumin da in za a haye rafin Maje sai ya rufe ido ya riƙe rigata? A maƙerata ya ji labarin wurin wani bafatake. Ya ce in ya gaya wa manya hayaƙin Cindo suke sawa a riga, wa zai saya?”

Ashe duk karatun biyu, ƙarya da ƙirya, akwai gaskiya a ciki. Na yi dariya, na share ido da gefen mayafi.

Cindo ya dawo ranar Laraba. Na jera itace a kan katanga, kwana arba’in yana shan hayaƙi, ni kuma ina shan guduma, kullum in leƙa in biya abin da na sallama. Ranar da ya cika na haɗa, na roƙi garwashi daga maƙera, na zuba a kasko bayan magariba. Na kifa kwando, na yafa rigar mai hannu ɗaya. Hayaƙi ya ratso ta. Na shaƙa, na sake shaƙa. Ya yi kama. Amma hancina ya sha hanya, ma’aunina kuma ya mutu, ban san ko shi ne ba, ko so nake ya zama shi. Na zauna ni kaɗai a tsakar gida, sanyi na shiga ƙafata.

Iska ta ɗauki hayaƙin ta haye katanga da shi.

Guduma ta tsaya.

Sai na ji muryar Cindo, a sake, yadda mutum ke magana bai yi tunani ba: “Jatau, ka fito?”

Na ji ya ja numfashi, ya ce a hankali, “Astagfirullah.”

Na ɗauki rigar daga kan kwando, da ɗuminta, na zura. Na taka turmi na leƙa ta katanga. Yana zaune, guduma a cinya, bai ɗago ba.

Na ce, “Sannu da aiki.”

Nan tafiyata ta tsaya, nan kuma zancena ya ƙare. Wanda ya ji, ya yi wa mai rigar addu’a.